Kasuwar boga: Yadda wanda ya fi kowa ciniki ya zo na ƙarshe wajen daɗi

A shekarar 2014 mujallar Consumer Reports, wadda ta yi suna a Amurka wajen gwada kayan masarufi ba tare da karɓar tallar kowane kamfani ba, ta tambayi masu karanta ta sama da 32,000 ra'ayinsu kan abin da suke ci a gidajen abincin gaggawa. Da aka zo kan boga, kamfanoni 21 aka jera. Wanda ya zo na ɗaya shi ne The Habit Burger Grill, kamfanin da a lokacin Amurkawa da dama ko sunansa ba su taɓa ji ba, domin akasarin rassansa a jihar Kalifoniya suke. In-N-Out ne ya rufa masa baya, Five Guys na biye da su. Can a ƙarshen layi kuwa, da maki 5.8 cikin 10, sai ga McDonald's.

McDonald's ɗin nan dai shi ne mai rassa sama da 40,000 a ƙasashe fiye da 100, kuma cinikinsa a Amurka kaɗai ya zarce na Burger King da na Wendy's a haɗe, nesa ba kusa ba. Mutanen da suka ce bogarsa ce ta fi kowace rashin daɗi, su ne kuma washegari suka sake bin layi suka saye ta. Duk mai son ya kwatanta ingancin waɗannan kamfanoni sai ya fara warware wannan ƙulli, in ba haka ba zai ɓata lokacinsa yana musu a kan ɗanɗano, abin da kowa da nasa.

Ita boga ba wani abinci ne mai wuyar sha'ani ba. Niƙaƙƙen naman sa ne ake dunƙulawa a baje shi kamar ƙaramin faifai, a gasa, a sa shi tsakanin zagayayyen burodi da aka raba biyu, a ƙara latas da tumatir da albasa da yankan cuku da 'yar miya. Kayan haɗin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, saboda haka babu inda mai sayarwa zai ɓoye ha'inci ko sakaci. Bambancin da ke tsakanin bogar wannan kamfani da ta wancan yakan samo asali ne tun kafin nama ya hau wuta: daga ina ya taso, kwana nawa ya yi a hanya, daskararre ne ko sabo, kuma minti nawa aka ba ma'aikaci ya haɗa shi.

Abin da McDonald's ke sayarwa

'Yan'uwan juna biyu, Richard da Maurice McDonald, sun buɗe gidan abincinsu a garin San Bernardino na Kalifoniya a 1940. A 1948 suka rufe shi na wasu watanni, suka sallami masu kai wa mutane abinci a mota, suka zaftare yawancin nau'o'in abincin da suke sayarwa, suka tsara kicin ɗin kamar masana'anta: wannan gashi kawai yake yi, wancan zuba miya, na gaba naɗewa. Boga ta koma senti 15, kuma mai saye ba ya jira. Ray Kroc, wani mai tallar injin kaɗa madara, ya ga tsarin ya yaba, ya buɗe reshensa na farko a Des Plaines da ke jihar Ilinoyi a 1955, sannan a 1961 ya saye kamfanin ɗungurungum a kan dala miliyan 2.7.

Alƙawarin da Kroc ya gina kamfanin a kai shi ne cewa abin da ka ci a Shikago shi za ka ci a Tokiyo, ba ƙari ba ragi. Don cika wannan alƙawari sai aka rage wa hannun ɗan Adam aiki gwargwadon iko. Naman ƙaramar bogar kamfanin giram 45 ne kacal, wato laba ɗaya ake rabawa gida goma, kuma irinsa biyu ne a cikin Big Mac. A masana'anta ake dunƙula shi, a daskarar da shi nan take, a kai shi reshe a kwali. Kaskon gashin yana da murfi mai zafi da ke danne naman ta sama, ya gasu ciki da bai cikin ƙasa da minti ɗaya, sannan a ajiye shi a akwatin ɗumi har mai saye ya zo. Yaron da ya fara aiki jiya zai iya fitar da boga irin ta wanda ya shekara goma, domin injin ne ke lissafin lokaci.

Nama siriri, daskararre, wanda ya zauna a akwatin ɗumi, ba zai yi romo ba. Wannan shi ne asalin makin 5.8. Amma uwa mai 'ya'ya uku da ta tsaya a bakin babbar hanya da dare, ba romo take nema ba. So take ta san nawa za ta biya, ta san yaran za su ci, ta sami banɗaki mai tsabta, ta kama hanya cikin minti biyar. A wannan fage har yau ba a sami wanda ya kama ƙafar McDonald's ba, kuma soyayyen dankalinsa, wanda ko masu kushe bogarsa sukan sara masa, yana toshe wani ɓangare na giɓin.

Wuta da sabon nama

Manyan abokan hamayyarsa biyu kowanne ya nemi inda McDonald's ke da rauni ya kafa tutarsa a nan. Burger King, wanda James McLamore da David Edgerton suka ɗaga daga birnin Miyami tun 1954, ya zaɓi girma da wuta. A 1957 ya fito da Whopper a kan senti 37, fiye da ninkin kuɗin bogar McDonald's, da nama rubu'in laba, kimanin giram 113. Maimakon kasko, naman kan bi ta kan harshen wuta ne a cikin injin gashi, kitse na ɗiga yana hayaƙi, hayaƙin na komawa jikin naman. Wanda ya saba da tsire da balangu zai fi jin wannan ƙamshi ya yi masa kusa da gida. Sai dai shi ma naman daskararre ne, kuma idan ya jima a ajiye bayan gashi, ƙamshin kan saura, laushin ya tafi.

Babbar matsalar Burger King ita ce rashin daidaito tsakanin rassa. Kusan dukkansu a hannun 'yan kasuwa suke, waɗanda suka sayi izinin amfani da sunan kamfanin, kuma ba duka ne ke da ƙarfin gyara gini da riƙe ma'aikata ba. Kamfanin da kansa ya nuna ya san da haka: a watan Satumban 2022 ya ware dala miliyan 400 don talla da gyaran rassansa na Amurka, a 2024 kuma ya saye Carrols, wanda ya fi kowa yawan rassansa a ƙasar, a kan kusan dala biliyan 1 domin ya sabunta su da hannunsa.

Shi kuwa Dave Thomas, da ya buɗe Wendy's a Kolombus ta jihar Ohayo a 1969, sabon nama ya riƙa, wanda bai taɓa shiga firiza ba. Ya yanka shi murabba'i maimakon zagayayye, kusurwoyin suna leƙowa daga cikin burodi, mai saye ya gani da idonsa. Naman da aka gasa bai sami mai saye a kan kari ba, ba a ajiye shi ya bushe. Farfasa shi ake yi a zuba a miyar wake da kamfanin ke sayarwa, dabarar da ta rage asara ta kuma kare ingancin boga a lokaci guda. Tallar kamfanin ta 1984, inda wata tsohuwa mai suna Clara Peller ta leƙa cikin ƙaton burodin abokan hamayya tana tambayar ina naman yake, ta yi tashen da har Walter Mondale ya ari tambayar ya jefi Gary Hart da ita a muhawarar neman takarar shugaban ƙasa ta jam'iyyar Dimokurat.

A cikin manyan ukun nan, idan naman kaɗai za a duba, Wendy's ne a gaba, kuma dalilin a fili yake. Ruwan da ke cikin nama idan ya daskare yakan zama ƙanƙara mai tsini da ke huda tsoka, sai romon ya tsiyaye da zarar ya ji wuta. Daskarwa cikin gaggawa irin ta masana'anta tana rage wannan ɓarna, amma ba ta kawar da ita baki ɗaya. Sabon nama kuma yana da nasa farashin. A watan Mayun 2020, lokacin da annobar korona ta rufe manyan mayankan Amurka, wani kamfanin nazarin kasuwa ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na rassan Wendy's sun wayi gari babu bogar naman sa, alhali masu firiza suna ta ciniki da abin da suka tara.

Ba kullum ne kuma mai saye ke gane alherin da aka yi masa ba. Attajirin nan Alfred Taubman, wanda ya taɓa mallakar kamfanin A&W, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa a shekarun 1980 sun fito da boga mai sulusin laba a kan kuɗin da McDonald's ke sayar da mai rubu'i, amma ta ƙi karɓuwa. Da suka bincika, in ji shi, sai suka tarar mutane na ganin uku bai kai huɗu ba, saboda haka sulusi bai kai rubu'i ba.

Kamfanin da ya ƙi yin nisa da mahauta

In-N-Out sa'an tsarin McDonald's ne, domin shi ma a 1948 Harry Snyder da matarsa Esther suka kafa shi a Baldwin Park, tafiyar da ba ta wuce ta awa guda ba daga San Bernardino. Daga nan hanyoyinsu suka rabu. Yau, bayan shekara saba'in da ɗoriya, rassan In-N-Out ɗari huɗu ne da 'yan kai, akasari a yammacin Amurka da Teksas. Bai taɓa sayar wa kowa izinin buɗe reshe da sunansa ba, bai shiga kasuwar hannayen jari ba, kuma har yanzu jikar waɗanda suka kafa shi, Lynsi Snyder, ce ke riƙe da shi.

A rassansa babu firiza, babu na'urar ɗumama abinci, babu fitilar da ke riƙe zafin abin da aka riga aka gasa. Kamfanin ne ke niƙa namansa a cibiyoyinsa, motocinsa su kai wa rassa, kuma ƙa'idarsa ita ce ba ya buɗe reshe inda mota ba za ta iya kai sabon nama cikin kwana guda ba. Idan yana son shiga sabon yanki, sai ya fara tanadar cibiyar nama tukuna. Abin da ake sayarwa bai canja sosai ba tun zamanin kakanni: boga, boga da cuku, mai nama biyu da cuku biyu, dankali da abin sha. Ma'aikacin da abu uku kawai yake haɗawa daga safe zuwa dare dole hannunsa ya faɗa, balle kuma kamfanin ya yi suna wajen biyan albashin da ya ɗara na takwarorinsa, ma'aikata ba sa saurin barinsa. Ga shi kuma farashinsa bai yi nisa da na manyan kamfanoni ba, wani lokaci ma ƙasa yake.

Idan aka haɗa daɗi da kuɗi aka auna, da wuya a sami wanda ya fi shi. Amma abin da ya biya kafin ya sami wannan matsayi shi ne girma: mafi yawan Amurkawa ba su da reshensa a jiharsu. Ranar da ya buɗe a Kolorado a watan Nuwamban 2020, 'yan sandan garin Aurora sai da suka roƙi jama'a su haƙura su koma gida, domin jira a layin motoci ya haura awa 12. Wanda ya yi irin wannan jira zai iya cewa ya ci boga mai daɗi, amma ba zai ce ya ci abincin gaggawa ba.

Five Guys, wanda Jerry Murrell da iyalinsa suka fara a Alinton ta jihar Bajiniya a 1986, shi ma babu firiza a rassansa. Namansa ya fi kauri, ana gasa shi sai mai saye ya nema, kayan haɗi goma sha biyar kyauta ne, dankalin kuma a reshe ake yanka shi a soya da man gyaɗa, a cika kofi har ya zube cikin jaka. Shake Shack kuwa daga keken tura-tura ya fara a wani dandalin shaƙatawa na birnin Niyok a 2001, ƙarƙashin Danny Meyer, mutumin da ya yi suna a gidajen abincin manya. Salonsa shi ne a danne dunƙulen nama a kasko mai zafi ƙwarai, gefensa ya yi ɓawo mai ƙamshi, cikinsa ya riƙe romo. Waɗannan biyu sukan fi manyan kamfanoni daɗi a bakin mafi yawan masu gwadawa, sai dai linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A 2024 wani rasit na Five Guys ya karaɗe shafukan sada zumunta: boga ɗaya, ƙaramin dankali da lemo, da haraji da ɗan ihsanin ma'aikata, dala 24. Kwatanta wannan da bogar dala uku tamkar kwatanta shaddar Gezna ce da yadin kanti.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka ce sabo ne ya fi. A 2013 Shake Shack ya daina amfani da daskararren dankali ya koma yanka ɗanye a reshe, yana ganin ya ƙara inganci. Masu saye suka yi ca, suka ce tsohon ya fi, kuma a 2014 kamfanin ya janye ya dawo da daskararren. Dankalin In-N-Out ma, da ake yankawa a gaban mai saye, shi ne abin da masoyan kamfanin suka fi kuka da shi. Dalilin shi ne dankali yana son a tafasa shi ko a soya sau biyu kafin ya yi ƙaras-ƙaras a waje da laushi a ciki, aikin da masana'anta ke gamawa kafin ta daskarar da shi. Firizar da ke rage wa nama daraja ita ce ke ƙara wa dankali.

McDonald's bai yi kunnen uwar shegu da waɗannan ƙananan abokan hamayya ba. A 2018 ya mayar da naman Quarter Pounder sabo a yawancin rassansa na Amurka, ana gasa shi sai an nema. A 2023 ya sanar da wasu gyare-gyaren: burodi mai laushi, cuku ya narke sosai, a zuba albasa tun naman na kan wuta, a rage yawan naman da ake jerawa a kasko daga takwas zuwa shida. Amma kafin a gama yaba wannan sai kukan tsada ya taso. Shugaban kamfanin a Amurka, Joe Erlinger, sai da ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Mayun 2024 yana bayanin cewa matsakaicin kuɗin Big Mac dala 5.29 ne, daga dala 4.39 a 2019. Kamfanin da aka yafe wa rashin romo saboda araha, idan arahar ta tafi, dole a fara tambayarsa romon.

Hoto da abin da ke cikin takarda

A 2022 wasu masu saye suka maka Burger King a wata kotun tarayya da ke Fulorida, suna zargin cewa Whopper ɗin da ke cikin hotunan talla ta fi ta gaske girma da kusan kashi 35 cikin 100. Kamfanin ya musanta, ya ce naman da ke hoto shi ne wanda ake sayarwa, amma alƙali ya ƙi korar ƙarar baki ɗaya. Irin wannan ƙara da aka shigar da McDonald's da Wendy's a Niyok kuwa, alƙali ya yi watsi da ita a 2023.

Akwai kuma tsohuwar jita-jitar cewa bogar McDonald's ba ta ruɓewa saboda sinadarai. A ƙasar Aislan, inda kamfanin ya rufe rassansa a 2009, an adana wata boga da aka saya a kwanakinsa na ƙarshe, ta shekara fiye da goma ba ta yi funfuna ba. Burger King ya yi amfani da wannan magana a 2020, ya fitar da tallar Whopper tana ruɓewa cikin kwana 34, don ya nuna ya cire sinadaran adana abinci. Tallar ta yi wayo, amma bayanin bogar Aislan bai wuce abin da kowane mai kilishi ya sani ba: nama siriri, mai gishiri, idan ya bushe kafin funfuna ta kama shi, zai daɗe. Abin da ya fi cancantar a damu da shi shi ne gishirin. Big Mac ɗaya a Amurka tana ɗauke da kusan rabin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce a yini, kafin a zo kan dankali. Manyan bogogin kamfanonin tsada kuwa, da yake sun fi nama da cuku, sukan fi ta kitse.

Ingancin da harshe ba ya ji

Daga ƙarshen 1992 zuwa farkon 1993, mutum 732 suka kamu da ƙwayar cutar E. coli nau'in O157:H7 a jihohin Washinton, Aidaho, Kalifoniya da Nebada, bayan cin boga daga rassa 73 na kamfanin Jack in the Box. Yawancinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 10. Huɗu suka mutu, ciki har da wani jariri da ko bogar bai ci ba, a gidan renon yara ya ɗauka daga wani yaron. Wasu da dama suka tashi da lalacewar ƙoda ta har abada. Bincike ya nuna naman ya gurɓata tun daga mayanka, sannan ba a gasa shi ya kai zafin da zai kashe ƙwayar ba. Jihar Washinton ta riga ta ɗaga ƙa'idarta zuwa digiri 68 a ma'aunin Salshiyas, kamfanin kuwa yana kan tsohuwar ƙa'idar tarayya ta digiri 60. Tazarar digiri takwas ce ta ci rayukan.

Niƙaƙƙen nama ya fi yankakke haɗari, kuma yana da kyau a fahimci dalili. Ƙwayar cutar a hanjin sa take zama, wajen fiɗa take taɓa bayan tsoka. Idan tsire ne ko balangu, bayan naman shi ne ke fara haɗuwa da wuta, ƙwayar ta mutu. Injin niƙa kuwa yakan tura abin da ke waje zuwa tsakiya, kuma da yake masana'anta na haɗa naman shanu masu yawa a niƙa ɗaya, sa guda mai cuta zai iya ɓata tan-tan na nama. Shi ya sa hukumomin Amurka ke ba da shawarar tsakiyar niƙaƙƙen nama ta kai digiri 71. Bayan wannan musiba, a 1994 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta haramta sayar da niƙaƙƙen naman da aka samu da wannan ƙwaya, shi kuma Jack in the Box ya ɗauko masani David Theno ya kafa masa tsarin sa ido daga mayanka zuwa kasko, wanda sauran kamfanoni suka kwaikwaya. A nan injin McDonald's mai lissafin daƙiƙa, wanda ake zargi da busar da nama, ya zama garkuwa. Five Guys ma, duk da taƙamarsa da romo, ba ya yarda ya ba mai saye naman da bai gasu sosai ba, ko da ya roƙa.

Da aka toshe ƙofar nama sai cutar ta biyo ta lambu. A watan Oktoban 2024 mutum 104 suka kamu a jihohi 14 bayan cin Quarter Pounder, aka kwantar da 34 a asibiti, mutum ɗaya ya mutu a Kolorado. Da farko an zargi naman, amma bincike ya tsaya a kan ɗanyar albasa da kamfanin Taylor Farms ke yankawa ya kai wa rassa. Tsarin da ke sa boga ta zama iri ɗaya a ko'ina shi ne ya raba gurɓatacciyar albasa zuwa jihohi da yawa a lokaci guda, kuma shi ne ya sa aka gano tushenta cikin kwanaki. McDonald's ya ce zai kashe dala miliyan 100 don dawo da masu saye da tallafa wa rassan da abin ya shafa.

Ga Musulmi matafiyi akwai wani ma'aunin da ke gaba da waɗannan duka. Rassan waɗannan kamfanoni a Saudiyya da sauran ƙasashen yankin Gulf naman halal suke sayarwa, amma suna ɗaya ba ya nufin yanka ɗaya a kowace ƙasa. A Amurka, rassa biyu na McDonald's a garin Dearborn na jihar Mishigan sun taɓa sayar da kazar halal. Aka kai ƙara cewa wani lokacin ba halal ɗin ake bayarwa ba, aka sasanta a kan dala 700,000 a 2013 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, daga nan ya daina sayar da ita kwata-kwata. Tun kafin nan, a 2002, ya nemi afuwa ya biya dala miliyan 10 bayan mabiya addinin Hindu da masu ƙaurace wa nama sun gano akwai ɗanɗanon naman sa a dankalin da suka ɗauka da man tsirrai zalla aka yi shi. Naman alade kuma yana cikin jerin abincin mafi yawan waɗannan kamfanoni a Turai da Amurka.

Idan aka zo gida

McDonald's yana Maroko tun 1992, yana Masar da Afirka ta Kudu, amma ba shi da reshe ko ɗaya a Najeriya. KFC ya shigo Legas a 2009, Burger King kuma ya buɗe reshensa na farko a unguwar Victoria Island a 2021. A Abuja da Kano da Kaduna, yawancin bogar da ake ci daga ƙananan gidajen abinci take fitowa da kamfanonin cikin gida waɗanda kaza da shinkafa ne ainihin cinikinsu.

Duk tambayoyin da suka raba kamfanonin Amurka suna nan a gaban mai sayar da boga a Wuse ko Zoo Road, har da ƙari. Naman sa yana cikin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su, saboda haka na gida za a yi amfani da shi. Boga mai romo tana son kitse kusan kashi ɗaya cikin biyar, shanunmu kuwa, Bunaji da Rahaji da Gudali, na kiwon tafiya ne, tsokarsu ta fi kitsensu, sai mai haɗawa ya nemi tozo ko kitse ya ƙara. Niƙaƙƙen nama ba ya haƙuri da zafi, kuma firjin da wuta ke ɗaukewa ta dawo, ya narke ya sake daskarewa, ya fi rashin firjin haɗari, domin yana ba mai shi kwanciyar hankalin da babu dalilinsa. Mai saye ba shi da ma'aunin zafi a aljihu, amma yana iya ɓara naman ya duba tsakiyarsa, idan da ja ko sanyi ya mayar, musamman idan yaro ne zai ci. Latas da albasar da ba su ga wuta ba su ma abin tambaya ne: da wane ruwa aka wanke su?

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, kuma mayanka na zamani da motoci masu sanyi suna cikin abin da masu harkar ke jira daga gare ta. A halin yanzu dai, san da za a niƙa a Legas yakan taso ne da ransa daga kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a tsaye a bayan tirela, ya isa mayankar Oko-Oba da ke Agege a rame.